Jan baki, kachala da ruwan Tiga: muhawarar zauren 'yan fadama

Ɗan Guri: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma ina roƙon masu bokon cikinmu su amsa mini da Hausa. Shinkafarmu ta fara ɗaukar ido, tsuntsun jan baki ya sauka. Tun kafin alfijir yara suna gona da gwangwani da majajjawa, babu boko babu allo, muryar kowa ta dishe. Kuma babu wanda bai san inda tsuntsun nan yake kwana ba, cikin kachala ne, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa. To me zai hana a turo jirgi ya yi feshi a kan kachalar nan kaf, tsuntsu ya mutu, a bi ciyawar da wuta, kowa ya huta?

Jikan Masunta: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Amma maganar wuta ka bar ta. Mu nan Nguru mun ƙona har mun gaji. Ka ƙona yau, bayan 'yan makonni ka dawo ka tarar ta tofo kore shar, ta fi da ƙarfi. Tokar ma taki ce gare ta.

Bakano Mai Tumatir: Ni ina bayan Ɗan Guri. A yi feshi kawai. Tsuntsu ne fa, ba mutum ba.

Malamin Gashuwa: Ɗan Guri, sannu da wahala. Wanda bai taɓa tsaron tsuntsu ba ba zai san zafin abin da kake faɗa ba. Amma bari in tambaye ka, kai ko wani dattijo a gidanku: a zamanin kakanninku akwai jan baki ko babu? Kachala fa?

Ɗan Guri: Malam, yanzun nan na tambayi Baba, yana zaune kusa da ni. Ya ce jan baki tun fil azal akwai shi, amma baƙo ne, yana zuwa yana wucewa. Kachala kuwa ya ce da ƙuruciyarsu sai ka nema, ɗan kaɗan a bakin tabki, ana yanka don yin asabari da rufin bukka. Ya ce wurin da kachala ta cinye yanzu a bayan garinmu, nan suke shuka wake in ruwa ya janye.

Malamin Gashuwa: Ka gaida Baba, ya gama amsa tambayar ma. "In ruwa ya janye." Nan zancen yake.

Fadamar nan tamu, daga Haɗejiya zuwa Kirikasamma, Guri, Nguru har Bade, an gina rayuwarta ne a kan abu biyu da suke bin juna kowace shekara: ruwa ya malalo wajen Agusta da Satumba ya rufe ko'ina, sannan ya janye da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage. Duk abin da yake rayuwa a nan ya saba da wannan zuwa da komawa. Tarwaɗa da karfasa suna bin sabon ruwa su fita cikin ciyayi su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a ruwa marar zurfi mai ɗumi inda abinci yake birjik. Gaiwa ta shige laka ta jira wata daminar. Ruwan da ya kwanta ya tsotse ƙasa ya cika rijiyoyi. Ya janye, manomi ya bi danshi da wake, makiyayi ya biyo da shanu, kashin shanu ya zama taki, sabon ruwa ya zo ya narkar da shi ya ciyar da gansakuka da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci.

Kachala ba ta son wannan tsari. Ita abin da take so ruwa ne marar zurfi wanda ba ya kafewa. Bushewar rani ce take taka mata burki. Da aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka ƙara da ta Challawa a Ƙaraye a 1992, kogin Haɗejiya ya canza hali. Babbar malalar damina ta ragu don an tare ta a sama, da rani kuma ana sakin ruwa kullum saboda noman rani da ruwan shan Kano. Wato an rage ruwan damina, an ƙara na rani. Ƙasar da take bushewa wata da watanni ta daina bushewa. Ga kuma takin zamani da ruwa ke wankowa daga gonakin sama. An shimfiɗa wa kachala tabarma, ta zauna. Da ta zauna, jan baki ya samu masaukin da babu mai isa gare shi, ga ruwa a ƙasansa, ga shinkafa da alkama a gefensa damina da rani. Baƙon da Baba ya sani ya zama ɗan gari.

Bakano Mai Tumatir: Na san za a zo nan. Duk abin da ya lalace a Jigawa da Yobe sai a ce Kano ce. Malam, da girmanka. Tumatirin da kuke miya da shi daga ina yake zuwa in ba Kura da Kadawa da Garun Malam ba? Miliyoyin mutanen da ke birnin Kano me za su sha in babu Tiga? Kuma kar a manta da wane lokaci aka gina ta, lokacin farin 1973 ne, dabbobi na faɗuwa mutane na gudun yunwa. Ba don mugunta aka yi ba.

Malamin Gashuwa: Alhaji, ban ce mugunta ba ce, kuma ban ce a fasa dam ba. Na faɗi abin da ya faru ne. Kogi ɗaya ne, wanda ya taɓa kansa ya taɓa wutsiyarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Badamagare: Ku bar Bakano, in dai an taɓa kasuwarsa sai ya yi kuka. Haka suke tun zamanin kakanninmu.

Bakano Mai Tumatir: Ji wannan! Ku da ba ku da ko kogi ɗaya, me ya kawo ka zancen ruwa? Ka je ka jira tankar ruwa.

Mai Kula da Zaure: Kanawa da Damagarawa, a ajiye wasan nan tukuna. A ci gaba da magana.

Jikan Masunta: Bari in ƙara a kan ta Malam, don mu muna cikin ruwan ne kullum. Kachala ba tsayawa kawai take ba, tare ruwa take. In ta cika hanya, gudun ruwa ya ragu, laka da yashi su kwanta a gindinta, hanyar ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tofowa. Haka ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwan ya juya kusan duka ya bi ta Marma ya taho mana. Shi ya sa za ka ji abin mamaki: mu a nan muna kukan ruwa ya ci gonaki da hanyoyi, mutanen gabas da mu suna kukan ruwa bai iso ba. Malam yana Gashuwa, sai ya faɗa muku, ruwan da suke gani yawancinsa na kogin Jama'are ne da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, shi ne ba a datse ba.

Kifi kuma, wani zai ce ai ruwa ya ƙaru, kifi ya ƙaru. A'a. Cikin kachala kwalekwale ba ya shiga, ba ka jefa birgi, ba ka jan taru. Ruwan ƙarƙashinta baƙi ne, yana warin ruɓa. Tarwaɗa da gaiwa suna jurewa don suna shaƙar iska a sama, amma giwan ruwa da kawara sai inda ruwa yake buɗe.

Ɗaliba 'Yar Dutse: Yaya Jikan Masunta, warin da kake ji ɗin nan mun yi shi a aji. Matattun ganye suna nutsewa, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ruɓar da su, a wajen ruɓarwar suna shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Kuma inuwar kachalar tana hana hasken rana isa ga gansakuka da ciyayin ƙarƙashin ruwa, waɗanda su ne suke mayar da iskar. Ana ɗiba ba a zubawa. Amma Malam, ni tambayata daban ce. Duk mun ji tarihin, to amma me ya hana feshin? Ko da kachala ce ta kawo shi, ai kashe tsuntsun zai ceci shinkafar bana.

Malamin Gashuwa: Tambaya mai kyau, 'yata. Feshi yana ceton gonar da ke kusa na ɗan lokaci, ban musa ba, kuma akwai shekarar da babu makawa sai an yi. Amma abu biyu.

Na farko lissafi ne. Jan baki shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta shi da biliyan ɗaya da rabi a Afirka. Yana sheƙa ne a taro, macen ta yi ƙwai kamar uku, cikin mako shida an gama, 'ya'ya sun tashi. Abin da yake ƙayyade yawansa abinci ne, wato irin ciyawar daji, ba yawan wanda aka kashe ba. Kowace shekara da yawansu yunwa ce take kashe su a farkon damina, lokacin da irin ciyawa ya tsiro babu na ci. In ka kashe miliyan ɗaya da feshi, ka rage wa sauran masu cin abinci ne, waɗanda da yunwa za ta kashe sai su rayu. An shafe shekaru da dama ana feshi daga Senegal har Afirka ta Kudu, bai ƙare ba.

Na biyu, maganin da aka fi amfani da shi, fentiyon, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Da safe bayan feshi, wa yake zuwa cin gawarwakin? Shaho, shirwa, mujiya, muzuru, maciji. Su ne kuma masu cin jan baki da ɓera da gafiya a sauran ranakun shekara. Jan baki zai mayar da adadinsa a damina ɗaya. Shaho da yake ƙyanƙyashe ɗa ɗaya ko biyu a shekara ba zai mayar ba. Ka ga an kashe ɓarawo an haɗa da mai gadi, ɓarawon ne kaɗai zai dawo da wuri. Ga maganin yana sauka a ruwan da ake su a ciki.

Ɗaliba 'Yar Dutse: Me ya sa dama su masu farautar ba su da yawa? Na daɗe ina tunanin wannan. Jan baki miliyoyi, shaho ɗaiɗai.

Malamin Gashuwa: Don abincin raguwa yake daga hawa zuwa hawa. Duk ƙarfin da ke cikin fadamar nan daga rana yake shigowa, kuma tsirrai ne kaɗai suke iya kama shi su mayar da shi abinci. Fara ta ci ciyawa, kwaɗo ya ci fara, maciji ya ci kwaɗo, shaho ya ci maciji. Amma fara ba ta ajiye duk abin da ta ci a jikinta ba. Ta yi tsalle da shi, ta yi numfashi da shi, ta yi kashi, wani ya fita a matsayin zafi. Abin da ke wucewa hawa na gaba kamar kashi ɗaya ne cikin goma, wani wurin ya fi haka wani bai kai ba. Wani matashin masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, shi ya fito da wannan lissafi fili a 1942 bayan ya yi nazarin wani ɗan tabki a jihar Minesota. In ka fara da kilo 1,000 na ciyawa, ka samu kamar 100 na fara, 10 na kwaɗi, 1 na maciji. Shaho me ya rage masa? Dole ya zama kaɗan, dole kuma ya mallaki fili mai faɗi.

Guba kuma akasin haka take, irin wadda ba ta narkewa a jiki. Ita taruwa take tana hawa. A Amurka maganin DDT ya bi ta ruwa ya shiga kifi, ya taru a jikin mikiyarsu har ɓawon ƙwanta ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwar. Sai da suka hana shi a 1972 sannan ta farfaɗo.

Ɗan Ruga: Salamu alaikum. Ina karantawa ban ce komai ba. Ku duka kuna maganar shinkafa da kifi, babu wanda ya tuna da saniya. Burugun da shanunmu suke ci da rani in ruwa ya janye, ina yake? Kachala ta hau kansa. Saniya ba ta cin tsohuwar kachala sai in yunwa ta kai mata karo. Mashaya ta toshe, burtali ruwa ya ci wani, gona ta ci wani. Fili ya ƙuntata, mu da manomi muka matsu wuri ɗaya. Gobe in an yi rigima a ce Bafulatani ba ya son zaman lafiya, ba wanda zai ce ciyawa ce ta ture mu duka.

Ɗan Guri: Wannan gaskiya ne, Ɗan Ruga, ko da yake bara shanun wasu sun shiga mana gona ba ciyawa ce ta kora su ba. Amma dai na yarda fili ya ragu.

Ɗan Ruga: Allah ya ba da haƙuri. A kowace jama'a akwai marar kirki.

Anti Nas: Ni ta ɓangaren asibiti zan shigo. Duk ƙauyen da yake bakin kwantaccen ruwa mai ciyayi, ka tara yara maza ka tambaye su wa yake fitsarin jini, ka ga hannaye. Har wasu iyaye suna ɗauka alamar balaga ce. Tsargiya ce, kuma tsutsarta ba ta iya kama mutum sai ta fara kwana a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa ta ruwa. Katantanwar nan tana manne ne a jikin ciyayi. Da can rani yana busar da wurin ya kashe yawancinsu. Yanzu sun samu gida na dindindin, haka ma sauro. Muna raba magani, yaro ya warke, ya koma wanka ko tsaron tsuntsu a ruwan nan, ya dawo mana.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A kogin Senegal an gama madatsar Diyama a 1986 don a hana ruwan gishiri hawowa daga teku. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a garin Rishar Tol, irin ta hanji wadda ba a san ta a wurin ba, kachala kuma ta rufe bakin kogin. Daga baya aka gano har da wani dalili: akwai wani babban jatan lande da yake cin katantanwar, shi kuma sai ya gangara ruwan gishiri yake haihuwa. Dam ta tare masa hanya, ya ɓace a sama, katantanwa ta samu sake.

Bakano Mai Tumatir: To na ji. Kun tara mini malami da nas da masunci. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini: abincin da ake nomawa da ruwan dam da abin da fadamarku take bayarwa, wanne ya fi? Ni na ga buhunan shinkafa da kwandunan tumatir da idona ana lodi a Kwanar Gafan. Ku me kuke lodawa?

Malamin Gashuwa: Alhaji, an yi wannan lissafin, ba yau ba. A shekarun 1990 masana tattalin arziki da suka yi aiki da shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru sun auna abin da ake samu daga ma'aunin ruwa guda a wuraren biyu. Fadamar ce ta yi rinjaye, da tazara mai yawa. Dalili kuwa, ruwa ɗaya yana aiki sau da yawa a nan: ya yi shinkafa, ya yi kifi, ya bar danshin wake, ya fito da ciyawar shanu, ya shayar da itacen girki da goruba, ya cika rijiya. Matsalar ita ce naka ana loda shi a tirela wuri ɗaya kowa ya gani, namu yana warwatse a kwanon tuwon gidaje dubbai, babu mai rubuta shi. Ka je kasuwar kifi ta Nguru ko ta Haɗejiya ka ga kwalayen banda, wannan ma kaɗan ne daga ciki.

Bakano Mai Tumatir: Lissafin 1990 daban, na yau daban. Mutanen Kano na wancan lokacin da na yanzu ba ɗaya ba ne. Ban gamsu ba.

Malamin Gashuwa: Hakkinka ne. Mutanen fadama ma sun ninku.

Badamagare: Ku ba ni dama in faɗi tamu, ban da tsokana wannan karon. Mu ma an taɓa koya mana cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, babu ko kututture. Aka sare, iska ta kwashe ƙasar sama, yashi ya riƙa binne shuka sai an sake sau biyu sau uku. Wajen 1983 a yankin Maraɗi wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da saiwarsu take raye a ƙasa. Aka fara abin da muke kira sassaben zamani: ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kututture ka bari, ka datse sauran. Ba shuka, ba ban ruwa. Yau ana maganar eka miliyoyi, kimanin hekta miliyan 5, tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Ku dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Da rani yake kore, dabbobi su taru a gindinsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Saiwarsa kuma tana zama da wasu ƙwayoyin halitta masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, irin yadda wake da gyaɗa suke yi. Ka zo Matamaye ko Magarya ka ga geron gindin gawo ka ga na fili, ba sai an yi maka bayani ba. Abin da ya sa na kawo wannan: ba mu kashe komai ba muka samu sauƙi, mun bar abin da yake aiki ne ya koma aikinsa.

Bakano Mai Tumatir: Yau dai Badamagare ya yi magana mai ma'ana. A rubuta kwanan wata.

Ɗaliba 'Yar Dutse: Wannan ya tuna mini da ƙasar Sin. A 1958 gwamnatinsu ta ba da umarnin a kashe gwara don tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da tukwane suna kaɗawa har tsuntsaye suka riƙa faɗowa don gajiya. Ashe gwarar tana cin ƙwari. Fara ta yi yawa, ta ƙara a kan yunwar da ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961. A 1960 suka cire ta daga jerin abokan gaba.

Malamin Gashuwa: Haka ne, amma a yi adalci: gwara ɗaya ce daga cikin dalilan waccan yunwar, manufofin gwamnati ne babban dalili. Kuma jan baki ba gwara ba ne, ɓarnarsa ta gaske ce, ko da yake shi ma da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa. Misalin da ya fi kusa da mu ungulu ce. Yaushe rabon wani a cikinku ya ga ungulu a mahauta?

Jikan Masunta: Wallahi na manta. Da muna yara a kan rufin mayanka suke jere, sai ka kore su da dutse.

Ɗan Ruga: Da in saniya ta faɗi a daji, kafin ka je gida ka dawo sai ƙashi. Yanzu mushe sai ya kwana ya wuni yana kumbura, karnuka da ƙudaje a kai. Masu sayar da kawunansu ga 'yan tsibbu ne suka gama da su, da masu sa guba a mushe.

Anti Nas: A Indiya maganin dabbobi ne ya yi musu haka, dikilofenak, wannan dai da muka sani na ciwon jiki. Ana yi wa shanu allurarsa, saniya ta mutu, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Daga farkon shekarun 1990 sama da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare. Karnukan titi suka gaji mushen suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai 2006 aka hana ba dabbobi shi. Cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kare kuwa ɗauka yake ya kawo cikin gari.

Ɗan Guri: Jama'a, na gode, na ƙaru, amma kun kai ni Sin da Indiya, shinkafata tana Guri. Gobe da asuba tsuntsu zai sauko. Me zan yi?

Jikan Masunta: Na gobe dai tsaro ne, sai raga in kana da hali, ka rufe inda ya fi nuna. Akwai kuma masu kama shi da koma da dare a makwancinsa, mutanen Chadi sun ƙware a kai, ana soyawa ana sayarwa. Amma ka tabbata ba wanda aka yi wa feshi ba ne ka ci.

Na kachala kuwa, ga abin da muka gani da hannunmu. Kada ka yanke ta a sama. Ka shiga da lauje ko adda ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar kamu ɗaya ko fiye, yadda ruwa zai rufe bakin yankan. Ganyen nan hancinta ne, in ka tsaga shi za ka ga ramuka-ramuka a ciki, ta nan iska take sauka zuwa saiwa. In ruwa ya rufe, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Sai an maimaita in ta sake leƙowa, kuma a janye abin da aka yanka zuwa tudu, in ba haka ba ya ruɓe a ruwa ya ƙara cike hanya. Aikin gayya ne, mutum ɗaya ba zai iya ba. Garuruwan da suka haɗa kai suka buɗe hanyar ruwa sun ga gonakinsu sun fito.

Anti Nas: Duk wanda zai shiga gayyar nan ya sa dogon takalmin roba in ya samu, kuma ya zo a duba shi bayan an gama. Kar a sa yara.

Malamin Gashuwa: Ƙari biyu. Ku daidaita shuka da maƙwabtanku, gonaki su nuna tare. Wanda ya riga kowa ko ya makara shi tsuntsu yake tarar wa. Sannan yanka kaɗai ba zai ɗore ba, don kan kachala ɗaya yana fitar da iri dubun dubata, iska tana kai shi ko'ina. In yanayin da take so yana nan, za ta dawo. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne a canza yadda ake sakin ruwa: a saki mai yawa da damina ya yi malala ya wanke hanyoyi, a rage sakin rani yadda wasu wurare za su bushe ƙarƙaf. Kuma a yi tunani sau goma kafin a ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are.

Bakano Mai Tumatir: A rage sakin rani? Malam, rani ne fa lokacin da muke buƙatar ruwan. Kuma a saki mai yawa da damina, bayan ambaliyar 2022 da ta cinye garuruwa a Jigawa? Wa zai tsaya gaban mutanen Ringim da Auyo ya ce musu za a ƙara musu ruwa da gangan?

Malamin Gashuwa: Ba za a yi ba sai an fara yashe hanyoyin, an kuma sanar da mutane lokaci. Ruwan da ya samu hanya wucewa yake, wanda ya tarar da kachala ne yake juyawa cikin gari. Na rani kuma ba naku za a taɓa ba, wanda yake wuce gonakinku ya gangaro ba tare da wani ya nema ba, shi ake magana.

Bakano Mai Tumatir: A takarda yana da sauƙi. Jihohi da yawa ne a kan kogin nan, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno, ga Nijar a can ƙarshe wajen Difa. Wa zai riƙe mabuɗin?

Ɗan Guri: Wannan ku manya ku ƙarasa. Jikan Masunta, turo mini bayanin yankan nan ta murya in kunna wa mai unguwarmu, shi ba ya karatun boko. Ka faɗi da wane wata kuka fi yin sa, da mutum nawa kuke sawa a kwalekwale ɗaya.